Gani Bai Ƙara Korar Ji Ba: Bidiyon Bogi da Siyasarmu

A watan Mayun 2025, kwanaki kaɗan bayan an zaɓi Fafaroma Leo na 14, wani bidiyo mai tsawon minti 36 ya ɓulla a YouTube. Ga Fafaroma cikin farar rigarsa, riƙe da takarda, yana ta zuba wa shugaban mulkin sojan Burkina Faso, Kyaftin Ibrahim Traoré, yabo da Turanci. Leɓɓansa na tafiya daidai da kalmomin, muryar ma kamar tasa. Sai dai bai taɓa yin wannan jawabi ba. An tsakuro hoton ne daga ganawar da ya yi da 'yan jarida ranar 12 ga watan, aka ɗora masa muryar da kwamfuta ta haɗa, aka gyara motsin bakin ya dace da ita. Sai da kafar labarai ta fadar Vatikan ta fito ta ƙaryata shi. A tsakanin nan ne kuma aka riƙa yawo da waƙoƙin yabon Traoré da muryoyin Beyoncé da R. Kelly, alhali shi R. Kelly yana can gidan yari a Amurka yana zaman hukuncin shekara 30. Har wasu dogayen gidaje da ake ginawa a Aljeriya an nuna an ce aikin Kyaftin ne.

Waɗannan bidiyoyi sun ratso har cikin wayoyinmu, kuma masu tura su ba jahilai kaɗai ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin banki, akwai wanda ya yi digiri biyu. Dalili a fili yake. Mutanen da suka gaji da shugabannin da ke cin amanarsu suna ƙishin ganin wanda ya tsaya da ƙafarsa, duk wanda ya miƙo musu abin da zuciyarsu ke so kuwa ba za su tsaya dubawa ba. Ra'ayin mutum game da Traoré nasa ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda ido, wanda muka saba kafa hujja da shi, ya zama abin da kowane yaro mai waya da ɗan data zai iya yaudara.

Ya kamata a san yadda ake yin abin, don a daina ɗaukarsa kamar tsafi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ana horar da su ne da ɗimbin muryoyi da hotunan mutane har su naƙalci yadda harshe ke furta sauti da yadda fuska ke motsi idan ana magana. Da zarar an gama wannan horo, abin da ya rage shi ne a ba manhajar ɗan samfurin muryar wanda ake so a kwaikwaya. A Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya nuna wata manhaja da daƙiƙa 3 na muryar mutum ya ishe ta. A 2024 kamfanin OpenAI ya ce tasa daƙiƙa 15 take buƙata. Sai a rubuta mata duk abin da aka ga dama, ta karanto da muryar mutumin, har da jan numfashi. Daga 2025 kuma, da fitowar Veo 3 na Google da Sora 2 na OpenAI, ba a ma buƙatar tsohon bidiyon da za a gyara: rubutu kawai za ka yi, a fito maka da mutane suna tafiya suna hira a wurin da bai taɓa wanzuwa ba. Ɗan siyasa ko malamin da ya yi shekara goma yana magana a rediyo da Facebook ya riga ya tara wa masu wannan sana'a kayan aiki har sun yi yawa.

Kuma abin ba tsada. A Janairun 2024, gab da zaɓen fid da gwani a jihar New Hampshire ta Amurka, dubban mutane sun amsa kiran waya suka ji muryar Shugaba Joe Biden yana cewa su zauna a gida kada su fita zaɓe. Wanda ya haɗa muryar, wani mai wasan rufa-ido, ya ce abin da ya ci masa bai wuce dala 1 da minti 20 ba. Wanda ya sa shi aikin hukumar sadarwar ƙasar ta ci shi tarar dala miliyan 6. A farkon 2024 ɗin ne kuma wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo da shugaban sashen kuɗinsu da wasu abokan aiki, ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu, ya tura kusan dala miliyan 25 kamar yadda suka umarce shi. Duk cikin taron shi kaɗai ne mutum na gaske.

Amma kada mu ɗora wa na'ura laifin da namu ne. Tun kafin AI ta iso mun sha wuya a hannun ƙarya mai arha. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ɗaya ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu da asuba, aƙalla biyu suka rasa rayukansu, wasu da dama suka kwana asibiti. A Yunin 2018, ana tsakiyar kashe-kashe na gaske a yankin Gashish na jihar Filato, aka watsa wasu munanan hotuna a Facebook aka ce na harin ne. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna ɗaya tsohon hoto ne, wani bidiyon kuma a Kwango-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Washegarin watsa hotunan matasa suka tare hanya suka fito da matafiya daga motoci, mutum 11 suka mutu, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar. Ba wata basirar kwamfuta a nan. Tsohon hoto ne da sabon rubutu a ƙarƙashinsa. Har yau wannan ita ce ƙaryar da ta fi yawa a wayoyinmu. Abin da AI ta ƙara shi ne ta rage wa maƙaryaci wahalar neman hoton da zai dace da ƙaryarsa. Yanzu sai ya ƙera abinsa.

Mafi yawan masu gargaɗi a nan suke tsayawa, su ce a yi hattara kada a yarda da bogi. A ganina babbar ɓarnar tana can ɗaya gefen. Duk ɗan kasuwa ya sani, idan jabun kuɗi suka yawaita a gari, ba wanda aka cuta da su kaɗai ke asara ba. Mai takardar gaske ma sai an juya ta an ɗaga ta sama, wani lokaci a mayar masa a ce ba a karɓa. Haka bidiyo da murya suke komawa. Daga ranar da jama'a suka san ana iya haɗa komai, duk wanda aka kama dumu-dumu ya sami mafita: sai ya ce haɗawa aka yi. Wasu malaman shari'a biyu a Amurka, Bobby Chesney da Danielle Citron, sun yi hasashen wannan tun kafin abin ya yi ƙamari, suka kira shi ribar da maƙaryaci ke ci.

Afirka ta ɗanɗana wannan tun da wuri. Shugaban Gabon na lokacin, Ali Bongo, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a Oktoban 2018, aka daina ganinsa. Da gwamnati ta saki bidiyon jawabinsa na sabuwar shekara, sai ga fuskarsa a sandare, idanunsa na motsi wani iri. 'Yan adawa suka ce bidiyon haɗi ne. Ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka ƙwace gidan rediyon ƙasar, suna kafa hujja da wannan jawabin, kafin a murƙushe su. Ba a taɓa tabbatar da cewa bidiyon bogi ne ba, kuma abin da aka gani a fuskarsa ya yi daidai da halin mai irin wannan ciwo. Shakka kaɗai ta kusa kifar da gwamnati. Mu ma a nan mun ga irinta. Bayan doguwar jinyar marigayi Muhammadu Buhari a Landan a 2017, aka ƙirƙiro labarin cewa ya rasu an sako wani Jubril daga Sudan. Aka yi ta auna kunne da tafin hannu a hotuna. Sai da shugaban ƙasa sukutum ya tsaya a Poland a Disambar 2018 yana shaida wa jama'a cewa shi ɗin ne. Waɗanda suka yarda da Jubril ba su canza ra'ayi ba, don a wajensu wanda ke musun ai Jubril ɗin ne.

Ɗauki kuma bidiyon dala na Kano. A Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki faya-fayan da ke nuna gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar damman kuɗi yana zubawa a aljihu. Ganduje ya musanta, ya ce haɗa su aka yi don a ɓata masa suna. Majalisar dokokin jihar ta kafa kwamiti, kotu ta dakatar da shi. A 2023, bayan mulki ya koma hannun abokan hamayyarsa, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar ta ce binciken ƙwararru ya tabbatar da sahihancinsu, ɓangarensa kuma ya ce bi-ta-da-ƙulli ne. Ba ni ne alƙali ba. Amma ka tambayi mutum goma a Kano yau ko bidiyon gaskiya ne, kafin su buɗe baki za ka iya sanin amsarsu daga launin hularsu. Haka aka yi da faifan hirar wayar da aka jingina wa Peter Obi da Bishop David Oyedepo a Afrilun 2023: Obi ya ce bogi ne, bakin mutanensa bai zo ɗaya ba, kowa ya kama abin da ya yi masa daɗi aka watse. Idan haka ta faru lokacin da haɗa bidiyo ke buƙatar gwani, me zai faru yanzu da kowa ya san yaro ma zai iya? Ranar da wani ya ɗauki jami'i yana karɓar na goro, ko ɗan daba yana fasa akwatin zaɓe, ko an harbi mai zanga-zanga, amsar tana nan a shirye tun kafin a yi tambaya.

Masu wannan aiki sun kuma san lokaci. A Slovakia, kwana biyu kafin zaɓen Satumban 2023, aka saki muryar jagoran wata jam'iyya, Michal Šimečka, wai yana tsara sayen ƙuri'u da wata 'yar jarida. An sake ta ne daidai lokacin da doka ta hana kamfe da sharhin siyasa a kafafen labarai, don haka ƙaryatawar ba ta sami filin da ƙaryar ta samu ba. Mu ma a jajibirin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 an yi yawo da wani faifai da aka ce Atiku Abubakar da Ifeanyi Okowa da Aminu Tambuwal ne ke shirya maguɗi. Masu tantance labarai suka gano haɗi ne. Wancan ɗanyen aiki ne, ana jin yankan. Na zaɓen 2027 ba lalle a ji ba. Duk faifan da ya faɗo daren zaɓe, mai cewa wane ya janye, ko wane ya zagi addini, ko malam wane ya sauya fatawa, lokacin fitowarsa kaɗai ya isa ya sa a yi masa kallon tuhuma.

Su wa ke yi? Sojojin baka ba baƙi ba ne a siyasar Arewa. Mun saba jin su a rediyo da daddare. Bambancin shi ne na rediyo an san sunansa da unguwarsu, idan ya wuce gona da iri akwai inda za a kai ƙara. Na intanet yana iya riƙe shafi ashirin, kowane da sunan mace da hoton da ba na kowa ba. A Janairun 2023 wani binciken BBC ya nuna jam'iyyu na biyan masu tarin mabiya a ɓoye don su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, wani aikin har naira miliyan 20, wasu kuma a saka musu da kwangila ko muƙami. Ban da waɗannan akwai waɗanda siyasar ma ba ta dame su ba. YouTube da Facebook da X suna biyan masu shafuka gwargwadon yawan kallo, da dala. Saurayin da ba shi da aikin yi, ya gano cewa bidiyon Fafaroma na yabon Traoré zai kawo masa kuɗin da bidiyon gaskiya ba zai kawo ba, wa'azi kaɗai ba zai tsayar da shi ba. Fushi da mamaki su ne hajar da ta fi tafiya a waɗannan dandali, kuma tsarin da ke zaɓo maka abin da za ka gani ba ruwansa da gaskiya. Abin da zai riƙe ka a kan waya yake nema.

Masu jin Hausa muna da wani rauni na musamman. Da yawa daga cikin iyayenmu da mutanen karkara ba sa karanta boko, don haka saƙon murya na WhatsApp shi ne jaridarsu. Murya kuwa ta fi bidiyo sauƙin haɗawa, ta kuma fi shi wuyar ganewa, don babu fuskar da za a duba. WhatsApp a rufe yake, ba mai ganin abin da ke yawo a zauren dangi ko na tsofaffin ɗalibai sai 'yan ciki, kuma yana matse fayil ya goge bayanan da ke nuna inda aka ɗauke shi da lokacin. Manhajojin gano bogi akasari da Turanci aka horar da su. Kamfanonin ma ba mu ne a gabansu ba: bayan rikicin Filato, BBC ta gano mutum huɗu kacal ke tantance wa Facebook labarai a Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. A Janairun 2025 Meta ta sanar da daina aiki da masu tantancewa na waje a Amurka, wanda ke nuna inda ta dosa. Zuwa yanzu abin da ke ɗan kare mu shi ne Hausar na'ura na yawan tuntuɓe a karin sauti da tsawon wasali, kunnen Bahaushe na kama ta. Wannan kariya ta ɗan lokaci ce, kullum gyara ake yi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba idan ana wannan magana. Wani kamfanin bincike, Deeptrace, ya ƙirga a 2019 ya ga kashi 96 cikin 100 na irin waɗannan bidiyoyi da ke intanet na batsa ne, an ɗora fuskokin mata ba da saninsu ba. Gwamna yana da kakaki da lauyoyi. Yarinyar da aka sa wa rana, wani da ta ƙi ya ɗauko hotonta na sallah ya mayar da shi na tsiraici ya tura wa dangin ango, ba ta da kowa. A al'ummar da zargi kaɗai ke rusa aure, ko an wanke ta daga baya tabon na nan. Iyaye da surukai da masu unguwanni da Hisba ya kamata su san wannan tun yanzu, kafin su yanke wa 'yar mutane hukunci a kan hoto.

To mene ne abin yi? Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ƙirga yatsu, a duba ƙifta ido, a lura da haƙora. Ta yi amfani shekara biyu ko uku da suka wuce, yanzu kuwa tana neman zama tarko, don wanda ya duba ya ga yatsu biyar cif sai ya saki jiki. Tambayar da ba ta tsufa ita ce wadda malaman hadisi suka gina ilimi guda a kanta: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? Ba su karɓar magana don ta yi daɗin ji ko ta dace da abin da suke so. Sai sun bi isnadi mutum bayan mutum, idan aka sami wanda ba a sani ba a tsakiya, ko wanda aka taɓa kamawa da ƙarya, maganar ta raunana. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurat ma umarnin da ta bayar ke nan, a bincika labari kafin a cutar da mutane a kansa cikin rashin sani. Abin mamaki, mutumin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya ji wanda ya ruwaito, shi ne zai tura wa mutum ɗari faifan da ke ɗauke da tambarin an tura shi sau da yawa, wanda ma'anarsa ita ce ba a san mafarinsa ba.

A aikace abin ba wuya. Idan an ce gwamna ya faɗi magana a taro, taron yana da rana da wuri, akwai 'yan jarida, akwai wasu wayoyin da suka ɗauka ta wani gefen. Babban lamari ba ya faruwa a gaban kyamara ɗaya tak. Idan an ce BBC Hausa ko Aminiya ko Freedom Radio ce ta ruwaito, a shiga shafinsu a gani, don tambari ma satarsa ake yi. Hoto ana iya saka shi a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara a wata ƙasa. Akwai masu wannan aiki takanas, irin su Dubawa da Africa Check da FactCheckHub, da Alkalanci mai yi da Hausa. Idan kuma muryar ɗan'uwa ce ta kira tana kuka tana neman a tura kuɗi yanzu-yanzu, a kashe a kira lambarsa da aka sani, ko a tambaye shi abin da sai ɗan gida ya sani. Wannan hanyar tana da wani alfanu da ƙirga yatsu ba shi da shi: ba bogi kaɗai take kamawa ba, tana kuma tsare gaskiya daga mai son ya ce mata bogi. Faifan da aka san wanda ya ɗauka, da wayar da aka ɗauka da ita, da shaidun da ke wurin, kalmar "AI ce" ba ta isa ta share shi ba. Shi ya sa duk wanda ya ɗauki wani abu mai muhimmanci, musamman wakilan jam'iyyu da masu sa ido a rumfunan zaɓe, ya adana ainihin fayil ɗin a wayarsa, kada ya dogara da kwafin da ya bi ta WhatsApp.

Saura batun doka, inda nake da ɗari-ɗari. Tarayyar Turai ta kafa dokar AI a 2024 wadda ta tanadi a riƙa bayyana abin da na'ura ta haɗa, Sin ta fara tilasta sanya irin wannan alama daga Satumban 2025, Amurka kuma a Mayun 2025 ta haramta yaɗa hotunan tsiraici na haɗi tare da tilasta wa dandali cire su. Waɗannan dokoki sun nufi takamaiman laifi, sun kuma ɗora wa kamfanoni nauyi. Namu tarihin daban ne. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu sukar gwamnoni, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. An yi masa kwaskwarima a Fabrairun 2024, amma a Mayun shekarar aka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a ƙarƙashin wannan doka, ya yi sama da mako a tsare. A Nijar ma gwamnatin soja ta dawo da hukuncin ɗauri a dokar intanet a 2024. Duk dokar da za ta ba mai mulki ikon yanke cewa wannan faifan bogi ne, a kama wanda ya saka, faifan da ya tona asirinsa shi za a fara kamawa da ita. Idan majalisa za ta yi doka kafin 2027, ta tsaya kan abin da ake iya aunawa: satar fuska ko muryar mutum don damfara, haɗa hoton tsiraici, da tallan siyasa na haɗi da ba a bayyana ba. Hukuncin sahihancin faifai kuma a bar wa kotu da ƙwararrun da ba gwamnatin da ake zargi ce ta naɗa su ba.